Tattaki A Tsofaffin Fagagen Fama Na Ƙasar Minna: Shaidar Sunayen Wurare Da Kalmomin Yaƙi

1.0 Gabatarwa

Mafi yawan abin da aka rubuta a kan kalmomin yaƙi na Hausa daga ƙamus aka tsamo shi, ko daga waƙoƙin fada da littattafan tarihi. Mai nazari yakan buɗe ƙamusun Bargery na 1934, ko jerin kalmomin da Smaldone ya kawo a littafinsa na 1977 a kan yaƙi a Daular Sakkwato, ya kwafo ma'anar sansani da kafi da tunga, ya wuce. Wannan hanya tana da amfaninta, amma akwai abin da ba ta iya nunawa, watau yadda kalmar take zaune a kan ƙasa, da kuma yadda take sauka a kunnen mutanen da aka yi wa yaƙin.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana abin da mai nazarin harshe zai iya tsinta idan ya taka da ƙafarsa a wuraren da aka gwabza a ƙasar Minna da kewayenta a ƙarni na 19 da farkon na 20. Marubucin mutumin ƙasar Sakkwato ne da aiki ya kawo shi Minna, kuma ya yi wannan tattaki ne a ranin 2018 da na 2019, wani lokaci shi kaɗai, wani lokaci tare da ɗalibansa 'yan ƙasa. Ba a yi nufin sake rubuta tarihin yaƙe-yaƙen ba. Za a kawo gwargwadon abin da zai sa a fahimci sunayen ne kawai.

2.0 Ƙasar Da Masu Ita

Minna tana tsakiyar ƙasar Gbagyi, mutanen da Hausawa suke kira Gwari. Harshensu ɗan'uwan Nufanci ne, kuma ba shi da dangantakar asali da Hausa. A ƙarni na 19 wannan ƙasa ta sami kanta a tsakanin manyan masu ƙarfi. Daga kudu maso yamma akwai Bida, daga arewa maso gabas akwai Zazzau, daga kudu maso gabas kuma akwai Abuja ta dā, Suleja ta yau, wadda Abu Ja ya kafa a 1828 bayan da jihadi ya fitar da sarakunan Haɓe daga Zariya. Wanda ya fi kowa barin tabo shi ne na arewa maso yamma, watau gidan Nagwamatse.

Umaru Nagwamatse ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku ne. Laƙabinsa ma sunan wuri ne, domin daga Gwamatse ya samo shi, ribaɗin da aka fara zaunar da shi a ƙasar Sakkwato. Ya gangaro kudu yana neman fagen kansa, a 1859 ɗan'uwansa Sarkin Musulmi Ahmadu Atiku ya ba shi sarautar Sarkin Sudan, a 1864 ya kafa Kontagora, ya rasu a 1876. Ɗansa Modibbo ya gaje shi, sa'an nan Ibrahim ya hau a 1880. A zamanin Ibrahim ne hare-haren kamun bayi suka kai matuƙa a ƙasashen Gbagyi da Kamuku da Kambari, har sojojin Lugard suka ci Kontagora a watan Janairu na 1901. An kama shi a ƙasar Zazzau a 1902, aka mayar da shi kan gadonsa a 1903, ya zauna har 1929.

Yanayin ƙasar shi ya tsara yadda aka yi yaƙin. Fili ne mai gamba da kaɗanya da ɗorawa, ga manyan duwatsu sun taso nan da can kamar an dasa su. Da damina koguna irin su Kaduna da Mariga da Chanchaga sukan cika, ciyawa ta shanye mutum, ƙudan tsando ya hana doki sakat. Saboda haka hari aikin rani ne. Ƙarfin maharan a kan doki yake, doki kuwa ba ya hawan falalen dutse. Wannan shi ne dalilin da ya sa kusan kowane tsohon garin Gbagyi a wannan yanki yake da kufai a bisa dutse ko a gindinsa.

3.0 Hawan Paida

Asalin Minna a kan jerin duwatsun Paida take, waɗanda suka yi wa garin yanzu katanga ta gabas da arewa maso gabas. Wanda ya tashi da asuba zai kai sama kafin rana ta yi zafi. Hawan ba shi da tsawo ƙwarai, sai dai yana koyar da abin da ƙamus ba ya koyarwa. Hanyar takan bi ta tsakanin manyan duwatsu, a wasu wurare ba ta ɗaukar mutum biyu a jere. A nan mutum yake gane cewa barde mai lifidi da kwalkwali, wanda mawaƙanmu suke kambamawa, idan ya iso gindin dutse ba shi da zaɓi sai ya sauka ya zama dakare, kuma dakare mai nauyin kaya, yana hawa a hankali a ƙarƙashin masu kibiya.

A sama ana ganin tsingaro a warwatse, da duwatsun da aka jera a da'ira inda ɗakuna da rumbuna suka tsaya, da ramukan da niƙa ya ƙwaƙule a jikin fa. Daga can ana hango fili har iyakar gani, ta yadda ƙurar dawaki ba za ta taso ba a gan ta ba. Wani dattijo da ya yi mana jagora ya ja hankalina ga abin da ban yi tunani ba, ya ce: “Malam, dubi inda ruwa yake.” Ruwan kuwa yana ƙasa, gonaki ma suna ƙasa. Ke nan maharbi ba ya bukatar hawa. Abin da zai yi shi ne ya yi kwanton ɓauna a bakin rafi da sassafe, ko ya kafa sansani ya ƙone amfanin gona, ya jira yunwa da ƙishirwa su yi masa aiki. Garin da ya gaji sai ya nemi amana, watau ya yarda da biyan gandu a bar shi. A Hausar yau amana kalma ce mai daɗi. A bakin wannan dattijo, wanda da Hausa yake yi mini bayani, ma'anarta ita ce abin da kakanni suka riƙa bayarwa kowace shekara, har da mutane, don kada a ƙone su.

Game da sunan garin kuwa, abin da aka fi ruwaitowa shi ne daga kalmomin Gbagyi biyu ya fito, ɗaya mai nufin watsawa ko yaɗawa, ɗaya kuma, na, mai nufin wuta, saboda wani bikin shekara da ake kashe tsohuwar wuta a rarraba sabuwa gida gida. Ɓangaren na biyu yana da goyon baya daga 'yan'uwan harshen, domin wuta ita ce ena a Nufanci, iná kuma a Yarabanci. Abin lura shi ne mazauna dutsen sun sa wa garinsu suna daga al'adarsu ta zaman lafiya. Sunayen da suke ɗauke da yaƙi a wannan ƙasa galibinsu na Hausa ne.

4.0 Sunayen Da Yaƙi Ya Bari

Kalmar kafi tana nufin shingen itatuwa da ake kakkafawa a kewaye gari ko sansani inda ba a sami damar gina ganuwa ba. Tana nan a Kafin Koro cikin Ƙaramar Hukumar Paikoro, kamar yadda take a Keffi ta Jihar Nasarawa. Sigar sunan ita kanta abin dubawa ce: suna na Hausa, da mahaɗi -n, da sunan ƙabila. Baƙo ne yake sa irin wannan suna, domin mai gida ba ya kiran garinsa da sunan ƙabilarsa. Haka abin yake a Ƙetaren Gwari da Dutsen Kura Gwari a cikin Minna. Wanda ya ce ƙetare yana tsaye ne a wannan gefe, yana nuna wancan. Galadiman Kogo ta ƙasar Shiroro ta haɗa sarautar Hausa da maɓoya ta dutse a suna ɗaya. Tunga kuwa, wadda take unguwa ce babba a Minna kuma take cikin sunaye irin su Tungan Malam, ta riƙe ma'anarta biyu: ƙaramin mazauni na baƙi, da kuma tsayawa a ƙi gusawa, kamar a “ya ja tunga”.

Ita kanta kalmar Gwari misali ce ta yadda Hausa take karɓar sautin da ba ta da shi. Harsunan wannan yanki suna da /gb/ da /kp/, waɗanda ake furtawa da leɓɓa da hanɗa a lokaci guda. Hausa takan mayar da su /gw/ da /kw/, kamar yadda gbanjo na Yarabanci ya zama gwanjo, apoti kuma, wanda ake furta shi da /kp/, ya zama akwati. Ta haka Gbari ya zama Gwari. Ta fuskar tsarin sauti babu laifi a nan. Laifin yana cikin abin da aka gina a kan kalmar daga baya. Gwaranci a Hausa shi ne maganar da ba ta fita, irin ta yaro mai koyon baki, “gwari-gwari” kuwa shi ne bayanin da aka sassauta don wanda ake ganin ba ya saurin fahimta. Na yi shekaru ina amfani da waɗannan kalmomi a aji ba tare da na ji komai ba, sai da na tsaya a gaban ɗaliban da rabinsu Gbagyi ne. A ganina ya kamata mu masu rubutun ilmi da Hausa mu riƙa rubuta Gbagyi ko Gbari, mu bar Gwari ga sunayen wurare da suka riga suka kafu da kuma littattafan da suka zo da ita, kamar nahawun Hyman da Magaji na 1970. Abin sha'awa, Frank Edgar, wanda muka sani da tattara tatsuniyoyin Hausa, tun a 1909 da ya wallafa nahawun harshen Gbari ya kira shi.

4.1 Matsalar Kontagora

Sunan da ya fi kowane shahara a wannan babi shi ne Kontagora. Ruwayar da kowa ya sani ita ce Nagwamatse ya iso bakin kogin da jama'arsa a gajiye, ya ce “kwanta gora”, watau a ajiye gorunan ruwa, an iso. Labarin yana da daɗi, kuma yana da ɗan'uwa a Minna, unguwar Sauka-ka-huta. Amma akwai matsala ta nahawu da ban ga an tsaya a kanta ba.

Aikatau kwanta ƙi-karɓau ne. Mutum yakan kwanta, ba ya kwanta wani abu. Idan ana son karɓau sai a koma ga aji na 5 a tsarin Parsons, a ce “kwantar da gora”, ko a Sakkwatanci, wanda shi ne karin harshen Nagwamatse, “kwantad da gora”. Gaskiya ne Hausa tana da harɗaɗɗun sunaye masu aikatau da suna, irin su hana-salla da dafa-duka da gagara-badau, sai dai a dukkansu aikatau ɗin so-karɓau ne. Saura hanyoyi uku. Ko dai da ta zube saboda yawan furuci, ko kuwa goran ake yi wa magana, a ce masa “kwanta, gora”, wanda salo ne da ya dace da bakin mayaƙi mai barkwanci, ko kuma sunan ya riga Nagwamatse zuwa, Hausawa suka ji shi suka nema masa ma'ana a harshensu.

Ni na fi karkata ga ta uku. Clapperton, wanda ya ratsa wannan yanki a 1826 a kan hanyarsa daga Busa zuwa Zariya da Kano, ya ambaci wata ƙasa mai suna kusa da Kotonkora, shekara 38 kafin kafa Kontagora. Har yau kuma akwai Kotonkoro a Ƙaramar Hukumar Mariga. Wannan bai tabbatar da cewa sunayen biyu ɗaya ne ba, amma ya nuna akwai suna mai wannan siga a yankin tun kafin zuwan mai goran. Waɗanda za su iya warware mana wannan su ne masu nazarin harsunan Kambari da Kamuku. Ko da ta tabbata ruwayar ƙirƙira ce, ba ta rasa daraja ba, domin tana nuna yadda wanda ya ci ƙasa yake cin sunanta.

5.0 Daga Wushishi Zuwa Zungeru

Tattakin da ya fi tsawo shi ne na bakin Kogin Kaduna, daga Wushishi zuwa Zungeru, tafiyar sa'o'i uku zuwa huɗu ga mai tsayawa yana tambaya. Wushishi sansanin gidan Nagwamatse ce kafin ta zama gari, kuma a nan sojojin Turawa suka kafa nasu a 1900. Mai tafiya a nan yana taka sawun runduna biyu ne, ɗaya a kan ɗaya. Fili ne shimfiɗaɗɗe, ga ruwa, ga ciyawar dawaki, ga mashigi. Abin da ya jawo na farko shi ya jawo na biyu, sai dai na biyun ya ƙara da lissafin inda jirgin ruwa yake iya kaiwa. Don haka ne aka shimfiɗa ɗan siririn layin dogo daga Zungeru zuwa Wushishi, daga baya aka kai shi Barijuko, wanda shi ne na farko a Arewa.

Lugard ya mayar da hedkwatarsa Zungeru a 1902, ta zauna a nan har aka koma Kaduna a wajajen 1917. Abin da ya rage shi ne ginshiƙan gine-gine a cikin ciyawa, da maƙabartar Turawa, da tashar jirgi. Gadar ƙafa ta Lugard an kwashe ta zuwa Kaduna. Garin da aka haifi Nnamdi Azikiwe a 1904 yanzu an fi saninsa da madatsar ruwa mai megawat 700. Mutanen wurin suna cewa asalin sunan Dungurum ne, bakin Bature ya juya shi. Ya kamata a yi hattara kada a haɗa shi da ɗungurum ta Hausa, domin /d/ da /ɗ/ ƙwayoyin sauti ne daban, kuma mun riga mun ga abin da kunnen Bahaushe yake yi wa sunan da ya tarar.

Abin da ya fi muhimmanci ga mai nazarin harshe a nan shi ne rundunar da ta karya Kontagora da Bida ita ma da Hausa take magana. Tun a yaƙin Bida na 26 da 27 ga Janairu 1897, inda sojojin Kamfanin Neja kimanin 500 suka tsaya a sahu mai kusurwa huɗu da bindigogi masu aman harsashi da igwa suka tarwatsa dubban mahayan Etsu Abubakar, yawancin sojojin Hausawa ne da Yarabawa. A ɗaya ɓangaren kuma manyan mayaƙan Nufe suna riƙe da sarautu irin su Mayaƙi da Ubandawaki, kamar yadda Nadel ya nuna a littafinsa na 1942. Hausa tana ɓangarorin biyu. A barikoki irin na Zungeru ne kalmomi kamar soja da saje da kofur da hafsa da fareti suka zauna da gindinsu, a nan kuma Barikanci ya yi ƙarfi. Barikin Sale ta Minna tana ɗauke da kalmar, Kwangila kuma tana tuna zamanin aikin dogo. Layin Baro zuwa Kano, wanda aka fara a 1907 ya isa Kano a 1911, ta gindin Paida ya bi, a nan kuma ya haɗu da na Ikko. Da hari ya ƙare, dogo ya zo, mutanen dutse suka sauko suka tarar da sabon gari wanda unguwanninsa, Limawa da Maƙera da Sabon Gari, duk da Hausa aka raɗa musu suna.

6.0 Kalmomin Da Suka Koma Bakin Aiki

Da a ce shekara 30 da suka wuce aka rubuta wannan maƙala, da an ce yawancin waɗannan kalmomi sun yi sanyi. Sansani ya zama na alhazai, ko na masu yi wa ƙasa hidima kamar wanda yake Paiko. Ganima ta zama abin da ɗan siyasa yake samu, daga kuma sai a filin ƙwallo ake jan ta. Wannan shi ne abin da muke koya wa ɗalibai da sunan faɗaɗar ma'ana.

Abin da ya faru a yankin daga baya ya juya lissafin. A watan Fabrairu na 2021 aka kwashe ɗalibai daga makarantar sakandaren kimiyya ta Kagara, a watan Mayu na shekarar kuma aka kwashe yara fiye da 100 daga wata Islamiyya a Tegina, garuruwan da duk suna cikin tsohon fagen Nagwamatse. Kalmomin da gidajen rediyo suka ba da labarin da su tsofaffi ne. 'Yan bindiga a ƙarni na 19 rukuni ne na dakarun sarki masu harbi da bindiga, yau kuwa ɓarayin daji ne. Garkuwa fatar da mayaƙi yake kare jikinsa da ita ce, yau mutum ake yin garkuwa da shi. Fansa ita ce kuɗin da dangi suke biya su karɓo wanda aka kama a hari, kuma ma'anarta ba ta gusa ko taki ɗaya ba. Hari da farmaki da kwanton ɓauna sun dawo da ma'anarsu ta asali. Har amana ta dawo a aikace, domin akwai ƙauyukan da suke biyan kuɗi kafin a bar su su yi noma ko girbi, sai dai yanzu haraji ake ce mata. Ba ina cewa masu yin wannan magadan waɗancan ba ne, domin dalilai da mutane sun bambanta ƙwarai. Abin da nake nunawa shi ne harshen bai bukaci ƙirƙirar kalma ko ɗaya ba.

Wannan ya shafi aikinmu kai tsaye. Kowane dutse a ƙasar Gbagyi yana da ƙananan sunaye da ba su cikin taswira: na mashigi, na kogo, na rafin da aka yi kwanto, na fan da ake tsayawa a yi tsaro. Waɗannan su ne ɓangaren labarin da ba a faɗa da Hausa ba, kuma dattawa kaɗai suka riƙe su. Ana bukatar a ɗauke su da murya, a rubuta su da alamun karin sauti, tare da mai harshen a tsaye a kan wurin yana nunawa da hannu. A Paida masu fasa dutse da masu gini suna ta hawa. Tafiyar da na shirya yi zuwa Galadiman Kogo a ranin 2021 ba ta yiwu ba, kuma da yawa daga cikin dattawan da ya kamata a tambaya a ƙasar Shiroro sun bar gindin duwatsunsu. Ɗalibin da zai yi mini jagora ya gaya mini cewa idan ina son ganin kakansa, sai dai in same shi a Kuta, a sansanin 'yan gudun hijira.